Wa Ake Bar Wa Idan An Ce An Bar Wa Jama'a?

A watan Janairun 2003 wani kamfanin Amurka mai suna TurboPower ya sanar da cewa ya daina sayar da kayansa. Kayan nasa tubala ne da masu rubuta manhaja da Delphi ke saya su gina nasu aikin a kai: Abbrevia na matse fayil, LockBox na kulle bayanai, Async Professional na haɗa kwamfuta da na'urorin sadarwa. Irin waɗannan tubala su ake kira laburare a wannan sana'a. Mai rubuta manhajar asibiti ko ta kanti ba ya zama ya ƙirƙiro hanyar matse fayil da kansa, sai ya ɗauko wadda wani ya riga ya yi, kamar yadda magini ke sayen bulo. Sai dai shi bulo in an ɗora shi an gama. Laburare kuwa kullum yana bukatar gyara, domin ana gano kurakurai a cikinsa, kwamfutocin da yake aiki a kansu ma suna sauyawa.

Kamfanin bai kulle kayan a akwati ya tafi ba. Ya saki rubutun tushensu a dandalin SourceForge da lasisin da ya ba kowa damar ɗauka ya gyara, har yau kuma akwai masu kula da wasu daga cikinsu. Tun daga wancan lokaci wannan ya zama abin da aka saba ji: kamfani ya gaji da wani abu, sai ya ce ya bar wa jama'a. Mukan karɓi maganar a matsayin karamci. Ya kamata mu tsaya mu duba ko kyauta aka yi mana, ko kuwa an sauke kaya ne a bakin hanya an ce mai so ya ɗauka.

Mu fara da yi wa kamfanin adalci. Babu wanda ya ɗauki alkawarin riƙe abu har abada don kawai ya taɓa sayar da shi. Kasuwa na juyawa, ma'aikata na tafiya. Amma wanda ya sayar da tubali ya san cewa wasu sun ɗora sana'arsu a kansa bisa yarda da shi. Idan ya daina gyarawa, ya kuma hana kowa ganin rubutun tushen, ya zama rijiya ta bayar guga ya hana: shi bai amfana ba, mai bukata kuma ba shi da yadda zai yi ya ceci kansa. Don haka sakin rubutun shi ne mafi ƙarancin haƙƙin da ke wuyansa. Wanda ya yi hakan ya fita kunya, amma da sauran magana.

Abu na farko shi ne, su wa ake nufi da jama'a? A 2010 Google ya dakatar da manhajarsa ta Wave, ya miƙa ta ga gidauniyar Apache. An yi takardu, an ajiye rubutun a inda kowa zai gani. Amma ba a taɓa samun isassun masu aiki a kai ba, har aka rufe shirin a 2018. Mu kwatanta da Blender, manhajar zane da haɗa fim mai motsi. Da kamfanin da ya mallake ta a ƙasar Holan ya durƙushe a 2002, wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal, ya nemi masu amfani da ita su fanshe ta daga hannun masu jari. Cikin mako bakwai suka tara yuro 100,000. Da wannan manhaja aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. A wajen Blender akwai mutane tsaye tun kafin a miƙa, sun sa hannu a aljihu, abin ya zama nasu. A wajen Wave an miƙa ne ana fatan mutanen za su zo daga baya. Mun san yadda kayan da aka ce na kowa ne ke ƙarewa idan ba a ambaci sunan mai kula ba.

Abu na biyu shi ne, me aka miƙa, me aka riƙe? A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa Java EE, tarin laburaren da manyan bankuna da ma'aikatu ke gina manhajojinsu a kai, ga gidauniyar Eclipse. Ya ba da rubutun, ya riƙe sunan. Dole aka sauya wa abin suna zuwa Jakarta EE, kuma da aka kasa daidaitawa kan kalmar javax da ke cikin rubutun kansa, sai aka maye gurbinta da jakarta a 2020. Wannan ya sa duk mai son ya bi sabon zubi sai ya koma cikin tsohon aikinsa yana gyara layi bayan layi. Doka ta ba Oracle ikon riƙe sunansa. Amma wahalar da ta biyo baya ta faɗa kan waɗanda aka ce an yi wa kyauta. An ba ka akuya, igiyar tana hannun mai ita.

Abu na uku ya fi sauran nauyi, domin ya shafi amana. Wanda ke riƙe da laburare yana riƙe da mabuɗin da ke ba shi damar tura sabon zubi cikin dubban manhajoji, galibi ba tare da wani ya karanta abin da ya tura ba. A 2018 wani ɗan ƙaramin laburare mai suna event-stream, wanda ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, ya sauya hannu. Mai shi ya daɗe da daina amfani da shi, ba a biyansa ko sisi, sai wani da bai sani ba ya ce zai taimaka, shi kuwa ya ba shi mabuɗin. Baƙon ya cusa wani rubutu da aka shirya don satar kuɗin masu ajiye bitcoin a manhajar Copay.

Shin mai laburaren ya yi laifi? Hujjarsa tana da ƙarfi: kyauta ya yi, lasisin ya faɗa ƙarara cewa babu wani tabbaci, ba a kuma tilasta wa kowa ɗauka ba. Duk da haka, mu dubi abin da ya miƙa. Rubutun dai kowa na iya kwafa tun farko. Abin da baƙon ba shi da shi sai da aka ba shi shi ne yardar da mutane suka yi da tsohon suna. Wannan yarda kuwa ta masu ita ce, ajiya suka ba shi. A al'adarmu mai ba da ɗa riƙo yakan san gidan da zai kai shi, dangi ma su sani. Da mai laburaren ya rubuta a fili cewa ya daina, duk mai so ya kwafa ya sa nasa suna ya nemi tasa yardar, da ya huta ba tare da ya ba da abin da ba nasa ba.

Za a iya cewa wannan sharaɗi ya yi tsauri, kuma bincike ba ya hana yaudara. Gaskiya ne. A watan Maris na 2024 aka gano wata ƙofar ɓoye a cikin xz, laburaren matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana aiki tsaf har ya sami yardar mai kula da laburaren, mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa, wanda wasu ke ta matsa wa lamba ya nemi mataimaki. Wani injiniyan Microsoft ne ya bankaɗo abin, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga na'urarsa. A nan ba a yi gaggawar miƙawa ba, amma an kusa faɗawa rami. Abin da wannan ke nunawa shi ne, matsalar ta girmi ranar miƙawa. Ta fara ne tun lokacin da kamfanoni masu biliyoyi suka ɗora nauyinsu a kan mutum ɗaya mai aiki a lokacin hutunsa, babu wanda ya tambaya ko ya ci abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun tsaya muna kallo.

Da haka tambayar ta dawo kanmu, domin wayar da ke aljihunmu da manhajar bankin da muke tura kuɗi da ita cike suke da irin waɗannan tubala. Mai barin abu yana da haƙƙi uku a wuyansa: ya faɗa da wuri cewa zai bari, ya miƙa duk abin da magaji ke bukata har da suna, kuma kada ya ba da mabuɗi a ɓoye ga wanda masu amfani ba su sani ba. Amma kalmar jama'a ba ta da hannu balle ta karɓa. Sai an sami wani ya ce ni ne, da sunansa, da lokacinsa, ko da kuɗinsa. Kamfani ko ma'aikatar da ta gina aikinta a kan laburaren da aka bari, ta kuma zauna tana jiran wani ya gyara mata kyauta, ba ta da bakin zargin wanda ya tafi. Masu amfani da Blender sun fahimci haka a 2002, shi ya sa suka biya kafin su ce abin nasu ne.