Bikin Manya a Kan Titi: Ina Matsayin Yaro?

Yau zancenmu ya tsallaka teku, kuma ina neman afuwa tun da wuri, don akwai nauyin baki a cikinsa.

A birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya a Amurka, akwai wani biki da ake yi a titin Folsom a watan Satumba, wanda aka fara tun 1984. Ana tare titin, dubban manya su fito, wasu da kayan fata da sarƙoƙi, wasu tsirara haihuwar uwarsu, ana nuna al'amuran da ko a ɗaki sai an ja labule. A 2012 majalisar birnin ta hana yawo tsirara a bainar jama'a, da ƙuri'a 6 a kan 5, amma dokar ta keɓe bukukuwan da aka ba izini, irin wannan. Masu shirya shi da bakinsu suna cewa na manya ne, kada a zo da yara. Duk da haka an sha samun iyayen da suka zo da nasu, har abin ya zama gardama tsakanin Amurkawan kansu.

To uwargida, na san kin riga kin ce "wa'iyazu billahi", ni ma na ce. Amma tsaya ki ji hujjar iyayen nan, domin ta fi yadda kike zato kama da tamu. Cewa suke yaro ƙarami ne, bai san abin da yake gani ba. Wasu kuma su ce ɗansu ne, su ke da ikon zaɓa masa.

Duk malamar da ta taɓa riƙe ajin 'yan shekara 5 ta san ta farkon ba ta da ƙafa. Yaro yana haddace sura sarai tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Haka idonsa yake: ya ɗauka, ya ajiye, wata rana ya kwaikwaya a wajen wasa da 'yar maƙwabta. Rashin fahimtar ma shi ne matsalar, tunda ba shi da inda zai sa abin, ba shi da kalmar da zai tambaya da ita.

Ta biyun kuwa, mahalarta bikin sun rushe ta da hannunsu. Babbar ƙa'idarsu ita ce komai sai da yardar juna tsakanin baligai. To wa ya nemi yardar yaron da aka turo a keken jarirai? Ko an tambaye shi, "e" ɗinsa ba yarda ba ce, a dokarsu ma. Ikon uwa a kan ɗa riƙon amana ne, ba ya kai ga ta yarje masa abin da shi zai ɗauki nauyinsa shi kaɗai.

Ki duba Suratun Nur, aya ta 58. An umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shigo wa iyaye a lokuta 3: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan isha'i. Lura fa, wannan miji ne da matarsa ta aure, cikin ɗakinsu, babu haram ko ƙwaya ɗaya. Amma aka sa ƙofa tsakaninsu da idon yaro. Ke nan ko da mutum ya ɗauka abin da manya ke yi a titin Folsom 'yancinsu ne, bai amsa tambayar yaron ba tukuna.

Wannan uzurin na "ai bai san komai ba" kuwa ba sai an je Amurka ake jin sa ba. Shi muke kawowa idan aka yi dare a wajen biki, rawa ta canza salo, 'yarmu mai shekara 6 tana zaune a gefen fili da ledar alawarta, mu kuma muna jiran a raba kayan biki kafin mu tashi.