Rawar Gauraka da Idon Mai Ɗaukar Hoto



Wanda ya taɓa ganin gauraki suna rawa a bakin fadama ba zai manta ba. Namiji yakan sunkuyar da kai a gaban tamata, tukkunsa mai ruwan zinariya yana kaɗawa, ya buɗe fikafikai, ya yi tsalle, ya tsinci ciyawa da baki ya jefa sama, ita kuma ta amsa masa da irin tata. Dattawan Haɗeja da Nguru da na bakin tafkin Cadi sun san wannan rawa. Yau kuwa ganin gauraka a Nijeriya ya yi wuya, gama fadamu sun janye, masu kama shi kuma sun sayar wa masu hali su ajiye a gida don ado. Mai son ganin garke sai ya nufi Waza ta Kamaru ko Zakuma ta Cadi. Abin da ya yi wuyar gani kuwa shi ne yake jan mai kamara. To, ga tambayata: in mutum bai harbi tsuntsu ba, bai kama shi ba, hoto kaɗai ya ɗauka a lokacin neman aurensa, akwai laifi a kansa?

A al'adarmu, in saurayi ya je zance ƙofar gidan budurwa, mai wucewa yakan kawar da kai. Wani zai ce tsuntsu bai san kunya ba, balle a tona masa asiri. Gaskiya ne. Amma rawar nan ba wasa ba ce a wurinsa. A cikinta ne tamata take zaɓen miji, daga cikinta kuma 'ya'yan baɗi za su fito. Lokacinta gajere ne, ƙarfin da take ci kuwa mai yawa ne. In mutum ya matso har tsuntsaye suka tashi, shi ya rasa hoto ɗaya, su kuwa mai yiwuwa sun rasa haihuwar shekara. Haka ma mai kunna kukan tsuntsu a wayarsa don ya jawo namiji kusa: yana sa shi ya ɓata ƙarfinsa wajen neman abokin hamayyar da babu shi.

An ga irin wannan a wata ƙasa mai nisa da mu. A dazuzzukan Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani babban tsuntsu mai kama da talotalo, ana ce da shi kafakeli. Ya taɓa ƙarewa ƙaf a ƙasar, sai a 1837 aka sake kawo irinsa daga Suwidin. Mazan sukan taru a fili guda da asuba a watan Afrilu da Mayu, suna baza wutsiya suna kuka, matan kuwa kwanaki kaɗan suke zuwa wurin. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2021 da 2022 ta nuna waɗanda suka rage ba su kai 600 ba. Dalilan raguwarsu da yawa ne: namun dajin da ke cin ƙwai, shingayen waya da suke karo da su, da ruwan sama mai sanyi da ke kashe 'yan tsaki. Damun mutane ma yana ciki, har dokar ƙasar ta hana a dame su a filin rawarsu, aka kuma roƙi masu kallon tsuntsaye da masu hoto su daina bin sawunsu a lokacin haihuwa. Waɗanda aka roƙa ɗin nan ba maharba ba ne, masoyan tsuntsun ne. Ashe ƙauna ma tana iya cutarwa in ba ta san iyakarta ba.

Sai dai kada mu yi wa masu hoto rashin adalci. Mutum ba ya tsaron abin da bai taɓa gani ba, hoto kuwa ya sa miliyoyin mutane sun ga abin da ƙafarsu ba za ta kai su ba. Wasu Amurkawa biyu, Tim Laman da Edwin Scholes, sun yi shekara 8 suna kai da kawowa a tsibirin Sabuwar Gini da kewayensa, tafiya 18, har suka ɗauki hoton iri 39 na tsuntsayen da ake kira na aljanna. Sukan kafa 'yar bukka a ɓoye, wani lokaci a kan bishiya, su zauna kwana da kwanaki suna jira. Tun kafin su ma, wajen 1900, wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun riƙa ɓuya a cikin fatar sa da aka ɗinke kamar mai rai, domin kada tsuntsaye su tsorata. Abin dariya ne, amma akwai hikima a ciki: sun zaɓi su sha wahalar da kansu.

A nan, a ganina, ma'aunin yake. Kowane hoto yana da kuɗinsa, sai mu tambaya wa ya biya. In mai kamara ne ya biya da tashin tsakar dare, da cizon sauro, da komawa gida hannu wofi sau goma, aikinsa halal ne, abin yabo ma. In tsuntsun ne ya biya da firgita da barin sheƙa, to an karɓi abin da mai shi bai bayar ba, bai kuwa da bakin da zai kai ƙara. Halittar da ba ta iya kare kanta amana ce Mahalicci ya sa a hannunmu, ana kuwa gane mai amana a inda ba mai ganinsa. Daji da asuba irin wannan wuri ne. Ban da haka, hoton da aka samu ta hanyar ruɗin tsuntsu yana da ƙarya a cikinsa, domin yana nuna mana abin da mutum ya shirya kamar abin da ya tarar.

Galibinmu ba mu da babbar kamara, amma akwai ƙarama a aljihun kusan kowa, yaranmu ma sun iya ta. Saboda haka maganar ta shafe mu. In ka tarar da tsuntsaye suna rawa ko suna kan ƙwai, tsaya daga nesa. In sun daina abin da suke yi suna dubanka, ka riga ka matso da yawa, sai ka ja da baya. Kada ka sare reshe don sheƙa ta fito fili, kada kuma ka baza labarin wurin da ka ga tsuntsun da ya yi ƙaranci, gama ba kowane mai jin labari ba ne da kamara zai zo. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko da na ido ne.

Allah ya ba mu haƙuri da sanin ya kamata, ya sa jikokinmu su ga rawar gauraka da idonsu a fadamun ƙasarmu. Amin.