Tarko Da Alhakin Wanda Ba Ya Nan

A cikin hanyoyin da ɗan'adam ya ƙago don kama namun daji, tarko ya fita daban da saura, domin shi ne yake aiki alhali mai shi ba ya wurin. Maharbi yana ganin abin da ya harba, in bai mutu ba ya bi sawu ya ƙarasa shi. Mai tarko kuwa ɗanawa yake yi ya koma gida ya kwanta, ƙarfe ya ci gaba da aiki da sunansa. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: shin mutum yana ɗaukar alhakin azabar da ya jawo amma bai gani da idonsa ba? Za mu ɗauko misalinmu daga Amurka ta Arewa, inda aka daɗe ana muhawara a kan yadda ake kama wasu kyanwoyin daji iri biyu, wato bobkat da linkis.

Ita bobkat ana samunta tun daga kudancin Kanada har zuwa Meziko. Girmanta ya kai kamar ninki biyu na kyanwar gida, tana da guntuwar jela, cikinta fari ne mai ɗige-ɗigen baƙi. Linkis kuwa mazauniyar dazuzzukan Kanada da Alaska ce, tana da faffaɗan tafin ƙafa wanda yake hana ta nutsewa cikin dusar ƙanƙara. Galibi don fatarsu ake kama su, a ɗinka riguna masu gashi na masu hannu da shuni.

Dabarun kamun guda huɗu ne. Akwai tarkon ƙarfe mai muƙamuƙi biyu wanda yake cafke ƙafa ya riƙe dabba da ranta, irin wanda wani maƙeri mai suna Sewell Newhouse ya shahara da ƙerawa a jihar Niyok a ƙarni na 19. Akwai zargen waya da ake ɗanawa a kan turbar da dabbar ta saba bi. Akwai tarkon da yake maƙure wuya ko ƙirji don ya kashe nan take, wanda Frank Conibear, mutumin Kanada, ya ƙago, ya kuma shiga kasuwa a shekarun 1950. Sannan akwai keji mai ƙofar da take faɗowa. Da yake kyanwa ta fi farauta da ido, sai mai tarko ya gina ɗan akurki da rassan itace, ya sa nama a can ƙurya, ya rataya fiffiken tsuntsu a sama yana lilo a iska. Son ganin ƙwaƙwaf shi yake kai ta, kamar dai yadda kyanwar gida take bin zare.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya daɗe yana rubuta yawan fatun da yake saye kowace shekara. Daga waɗannan littattafai ne Charles Elton da Mary Nicholson suka nuna a 1942 cewa yawan linkis yana hawa yana sauka kusan duk bayan shekara 10, kuma masana sun danganta wannan da yawan wani irin zomo wanda shi ne babban abincinta. Littattafan sun yi wa ilimi amfani ƙwarai, to amma mu lura da abin da suka ƙidaya. Fatu suka ƙidaya. Babu shafin da aka ware don rubuta sa'o'in da kowace kyanwa ta yi tana fizge-fizge cikin sanyi kafin mai tarko ya iso.

Adalci ne mu saurari masu kare sana'ar, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa a arewacin Kanada akwai 'yan asalin ƙasa, irin su Kiri da Dene, waɗanda suka gaji kamun dabbobi kaka da kakanni, a wuraren da noma ba ya yi, aikin albashi kuma sai an tona. Suna cewa bobkat ba ta cikin haɗarin ƙarewa, kuma hukuma tana ƙayyade lokacin kamu. Suna kuma tuna mana cewa da jihar Kolorado ta so mayar da linkis cikin duwatsunta, masu tarko ne suka kamo mata su da rai daga Kanada da Alaska, har aka saki guda 218 tsakanin 1999 da 2006. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda yake zaune cikin birni bai kamata ya yi saurin la'antar wanda daji yake ciyarwa ba.

Sai dai a nan akwai tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko, shin jinsin dabbar zai ƙare? Ta biyu, shin wannan dabba guda ɗaya da ke cikin tarko tana shan azaba? Amsar ta farko ba ta biya wa ta biyu buƙata. Kyanwar da ƙarfe ya riƙe ƙafarta ba ta samun sauƙi don 'yan'uwanta suna da yawa a daji. Bugu da ƙari, tarko makaho ne, ba ya tambayar sunan wanda ya taka shi. A 2000 Amurka ta sa linkis cikin dabbobin da ake karewa a jihohinta na kudu da Kanada, amma tarkon da aka ɗana wa bobkat ba shi da labarin wannan doka.

Hukumomi ma sun gane cewa lokaci shi ne ma'aunin wannan al'amari. Ingila ta haramta tarkon ƙarfe mai cafke ƙafa a 1958. Ƙungiyar ƙasashen Turai ta yi doka a 1991 wadda ta hana amfani da shi daga 1995. A 1997 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Turai da Kanada, Rasha kuma ta shigo, wadda ta ce tarkon kisa sai ya gusar da hankalin dabba irin linkis da bobkat cikin daƙiƙa 300, wato minti 5. A Amurka kowace jiha da tata dokar, wasu sun wajabta a duba tarko kullum, wasu sun yarda a kai kwana uku ko huɗu. Kalifoniya ta hana kama bobkat da tarko a 2015, a 2019 kuma ta hana sana'ar tarkon fata baki ɗaya. Mai karatu ya auna tazarar da ke tsakanin minti 5 da kwana huɗu. Mun kuma san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ba a ce ta doke ta ko ta yanka ta ba, tsarewa ce da juya baya.

To, alhakin ya tsaya kan mai tarko kaɗai? A'a. Da yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975, aka toshe cinikin fatar damisa da danginta, kwaɗayin masu ado bai mutu ba, sai ya karkata zuwa ga bobkat da linkis, farashinsu ya tashi, tarkuna suka ƙaru. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai tarko yana nesa da tarkonsa da tafiyar yini, dillali ya fi shi nisa, mai sa rigar a Faris ko Mosko ya fi kowa nisa. Gwargwadon nisan mutum daga kukan dabbar, gwargwadon yadda yake jin hannunsa fari ne, alhali kuɗinsa ne ya ɗana tarkon.

Ra'ayinmu shi ne rashin gani ba ya sauke alhaki, domin wanda ya ɗana ya san abin da ya ɗana. Amma ba mu sa kowa a kwando ɗaya ba. Wanda ya kama don ya ci da iyalinsa, ya zaɓi tarkon da ya fi gaggawa, ya kuma yi sammako ya duba shi ko da ƙanƙara tana zuba, ya sauke babban rabo na abin da ke wuyansa. Wanda ya ɗana ɗari ya bar su kwanaki don ribar ta fi yawa, da wanda ya saya don a gan shi, su ne ya kamata su amsa tambaya. Kafin mu yaba kyan riga, sai mu fara tambayar sa'a nawa mai fatar ta yi tana jira. Allah Ya sa mu zama masu tausayin abin da ba shi da bakin kai ƙara, amin.