"Ya Yi Kyau": Alheri Ne Ko Gudun Nauyi?

A kowace fada ta matasa, ko a Damagaram ko a Maraɗi ko a Tawa, ba a rasa mutum guda mai zane. Shi ne wanda bayan kayensa na lissafi ya cika da dawaki da fuskoki, wanda in ya samu gawayi bango ya shiga uku. Ba wanda ya koya masa, ba kuma mai biyansa. Ran da ya yi ƙarfin hali ya miƙo takarda ya ce "ku duba", sai ta zagaya hannu-hannu, kowa ya ce "ya yi kyau", ta koma wurin mai ita tun shayi bai huce ba. To, wannan maganar alheri ce aka yi masa, ko dai nauyi ne aka sauke daga kai?

Masu yabo suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Mai zane a wurinmu yana cikin kaɗaici. A gida ana ce masa ɓata lokaci yake, a lakwal ana ce masa ya kama karatu, fenti da takarda mai kyau kuma sun fi ƙarfin aljihunsa. Sau da yawa ɗan yabon abokai shi kaɗai ke riƙe da shi. Ban da haka, an tashe mu da kara: mutum ba ya kawo maka abin hannunsa ka kushe masa ido da ido. Wannan tarbiyya ce, ba abin yarwa ba ce.

Amma mu dubi kalmar kanta. "Ya yi kyau" riga ce da ke shiga kowa. Ana faɗa wa zanen da aka kwana uku a kansa, ana faɗa wa wanda aka yi cikin minti biyar. Maganar da ta dace da kowane zane ba ta faɗi komi ba game da wannan zanen. Laifinta na farko ma ba ƙarya ba ne, ƙin kallo ne. Mutum ya ba ka darensa uku, kai ka ba shi ƙiftawar ido. Kuma ya gane, wallahi ya gane, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Ku duba yadda ake koyon sana'ar hannu. Yaron tela in ya karkace ɗinki, maigida zai sa shi ya warware ya sake. Mai koyon zayyanar allo yana da malamin da zai ce masa layin nan ya kauce. Adon bangon da muke alfahari da shi a unguwar Birni ta Damagaram bai fito daga hannun da ba a taɓa gyara wa aiki ba. Ko gwani ma yana komawa kan aikinsa: Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa, a 1962, daga 1975 ya koma masa ya sake rufi ya ƙara hasumiyoyi huɗu, sai a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan. Ashe gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuwa mai zanen sha'awa ba shi da maigida. Ga wata matsala kuma: idon da ya daɗe kan takarda yana sabawa da kuskurenta har ya daina ganinsa. Shi ya sa masu zane ke duba aikinsu a madubi, ko su juya shi sama ya koma ƙasa, don su gan shi da sabon ido. Aboki shi ne madubin da ke magana. Misali, kusan duk mai fara zanen fuska yana kai idanu can sama kusa da gashi, alhali a tsakiyar tsawon kai suke. Gyaran minti ɗaya ne. Amma in kowa ya yi kara, mutum sai ya shekara biyar yana maimaita shi, ya je neman aikin zanen allon shago a mayar da shi, bai san dalili ba. Wa ya cuce shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma mai kaifin baki ya ce na ba shi gaskiya. Kun san shi, mai cewa "ni ba na munafunci", wanda zai ɗaga takarda ya ce "wannan doki ne ko jaki?" don fada ta fashe da dariya. Shi ma bai kalli zanen ba, jama'a yake kallo. Mai yabon banza yana kare kansa daga jin nauyi, mai kushe yana sayen suna da kunyar wani. Cutarsu ɗaya: kowannensu kansa yake yi wa aiki. Gaskiya ɗaci gare ta, haka ne, amma ba kowane ɗaci ne gaskiya ba.

A ganina, bashin da ke kanka idan an miƙo maka zane shi ne kallo. Ka riƙe takardar, ka yi shiru, ka duba. Sannan ka tambaya: "Me ka so ka nuna a nan?" Tambayar tana da muhimmanci, don ba kowane zane ke neman kama da hoto ba, wanda ya zana dagi ko adon lalle ba a auna shi da ma'aunin mai zana fuska. Bayan haka ka faɗi abin da ya yi daidai, ka nuna wurin da yatsa, ka kawo gyara guda ɗaya tak. "Abokina, wuyan dokin nan ya fita, har ina jin yana fizgar linzami. Amma dubi, rana tana dama, inuwar ma ta faɗi dama. Ba hagu ya kamata ta faɗi ba?" Wannan yabo ne da za a yarda da shi, gyara ne kuma da za a iya aiki da shi gobe.

Wani zai ce shi bai iya zane ba, da wane baki zai yi gyara? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya tashi yana kallon hawan salla ya san yadda doki ke taka ƙasa ko bai taɓa riƙe fensir ba. Ya faɗi abin da ya gani, ya bar wa mai zane neman magani.

Kai ma mai zane, ke ma mai zane, akwai naku kason. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun nuna aiki, ku faɗi abin da kuke so a duba, kuma kada ku ɗaure fuska ga wanda ya tsaya ya kalla da gaske, don shi ne ya girmama ku.

Kara tana nan, ba a ce a kore ta ba. Wurinta shi ne zaɓen lokaci da lafazi: a ja mutum gefe, a sassauta murya, a fara da abin da ya iya. In ta wuce nan ta kai ga ɓoye masa abin da zai amfane shi, ta tashi daga kara ta koma rowa.