WANDA YA KASA BIYAN BASHI: INA IYAKAR HAKKIN MAI BIN SA?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasarmu ta Gubuchi da sauran garuruwan Maƙarfi, Ikara da Kudan, inda yawancin jama'a suka dogara ga noman masara, dawa, rake, tumatir da barkono, da wuya a sami gidan da damina take wucewa ba a ci bashi ba. Wani ya karɓi taki da alkawarin biya da buhunan hatsi in kaka ta yi, wani ya kwashi adashi tun kafin ya gama zubi, wani ya jinginar da gonar gado domin kuɗin asibiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin sufuri da na kayan noma suka hau, sa'an nan a kakar 2025 farashin masara ya faɗi alhali an sayi taki da tsada. Manomin da ya yi lissafin buhu biyar za su fisshe shi, sai ya tarar goma ma ba su isa ba. Tambayar da ke gabanmu ke nan: idan mutum ya ci bashi da niyyar biya, sa'an nan ƙarfinsa ya kasa, mene ne ya rage a wuyansa, kuma ina hakkin mai bin sa ya tsaya?

Sai mu fara raba mutum biyu waɗanda jama'a kan haɗa su a suna ɗaya. Akwai wanda ya ƙi biya, akwai kuma wanda ya kasa biya. Na farko yana da abin biya, amma ya ga kuɗin wani sun fi daɗin kashewa. Ya sayi sabon babur, ya yi biki na gani na faɗa, mai bin sa kuwa yana ta zirga-zirga a ƙofar gidansa. Babu doguwar magana a kansa. Katekizim na Ikklisiya ya sa biyan bashi da cika alkawari a ƙarƙashin doka ta bakwai, wato wadda ta hana sata, domin riƙe abin wani ba da yardarsa ba ɗan'uwan sata ne ko da ba a fasa ɗaki ba. Maganarmu a kan na biyu take.

Malaman tauhidi na dā sun koyar da cewa rashin iko yana ɗage lokacin biya, amma ba ya shafe bashin. Abin da ke shafe shi biyu ne: a biya, ko kuwa mai shi ya yafe da zuciya ɗaya. Saboda haka wanda ya karye ba mai zunubi ba ne don ya karye, amma akwai abin da har yanzu yake iya bayarwa, kuma shi ne gaskiya. A nan ne da yawa suke faɗuwa. Kunya takan sa mutum ya daina bin hanyar da shagon mai bin sa yake, ya kashe waya, ya sa yara su ce ba ya nan. Daga nan sai ya ci bashin wani domin ya toshe bakin wani, ya cika ramin da ke gabansa da ƙasar da ya haƙo daga wani rami mafi zurfi. Mafi muni, ya kwashe hatsin da ya rage ya ɓoye a rumbun ƙanensa, ya ce gona ba ta yi ba. Mutumin da ya fara a matsayin wanda ya kasa, da wannan ya koma sahun wanda ya ƙi. A ganina, rana ta farko da mutum ya gane lissafinsa ba zai fita ba, ranar ce ya kamata ya taka da ƙafarsa ya je ya faɗa, tun kafin a zo nemansa.

To, shi kuma mai bin bashi fa? Hakkinsa gaskiya ne, kada mu raina shi. Sau da yawa shi ma ba attajiri ba ne. Gwauruwa ce mai sayar da ƙosai, ko ɗan tireda wanda shi ma dila a Zariya yake bi. Amma Littafi Mai Tsarki ya shata masa iyaka tun a Shari'ar Musa. A Fitowa sura 22 an umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai kwana. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin yin haka daidai yake da karɓar ran mutum. An kuma hana mai bin bashi shiga cikin gida ya ɗauko jinginar da hannunsa, sai dai ya tsaya a waje a kawo masa. Ma'anar a fili take: bashi yana bin dukiyar mutum, ba ya bin ransa, ko mutuncinsa, ko abin da zai ciyar da iyalinsa gobe. Dutsen niƙan zamaninmu shi ne shanun huɗa, da injin ban ruwa na mai noman rani, da keken ɗinki, da babur ɗin ɗan acaɓa. Wanda ya ƙwace waɗannan ya sare itacen da yake jiran 'ya'yansa.

Maganar gona ta fi kowace nauyi. Jingina takan fara da sunan taimako: karɓi kuɗi, ni kuwa in noma gonar har ran da ka dawo da su. Amma mutumin da aka raba da gonarsa, da me zai tara kuɗin fansarta? Shekara biyar, shekara goma, mai riƙon ya ci amfanin da ya ninka abin da ya bayar sau da yawa, bashin kuwa yana nan ko kwabo bai ragu ba. Littafin Nehemiya sura 5 ya ba da labarin irin wannan a Urushalima, inda yunwa ta sa talakawa suka jinginar da gonaki da gidaje har 'ya'yansu suka shiga bauta. Nehemiya ya kira babban taro, ya sa manya suka mayar da gonakin, suka kuma yi rantsuwa a gaban firistoci. Ban ga yadda mai tsoron Allah zai ci amfanin gonar jingina shekara da shekaru ba tare da ya riƙa cire shi daga cikin bashin ba.

Yanzu bari mu dubi dokar ƙasa, domin jahilcinta yana cutar da mutanenmu ƙwarai. Nijeriya tana da Dokar Karayar Arziki tun 1979. A ƙarƙashinta, wanda bashi ya fi ƙarfinsa, ko mai bin sa, yana iya kai magana kotu. A tattara abin da ya mallaka a raba wa masu bin sa gwargwadon hakkinsu, ko kuwa a amince da wani shiri na biya da suka daidaita a kai, daga baya kotu ta sallame shi. Amma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take sauraron irin wannan ƙara, sai an je Kaduna, sai an ɗauki lauya. Wanda aka ayyana ya karye kuwa, tsarin mulkin 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa har sai an sallame shi. Tsufan dokokin nan ma abin mamaki ne: mafi ƙarancin bashin da za a kai ƙara a kansa naira 2,000 ne, dokar da ta tsara ƙwace kaya bayan hukunci kuwa ta keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a, amma har iyakar darajar naira 10. Niyyar Musa tana ciki, sai dai hauhawar farashi ta cinye ta. A 2020 an sabunta dokar kamfanoni, aka buɗe wa kamfanin da ya durƙushe hanyoyin daidaitawa da masu bin sa kafin a rufe shi. Manomin Gubuchi bai sami irin wannan gata ba. A Ingila kuwa, tun 1986 mutum ɗaya yana iya ƙulla yarjejeniyar biya da masu bin sa wadda doka ta tsare, a 2009 kuma aka ƙara wata hanya mai sauƙi domin talakan da bashinsa kaɗan ne kuma ba shi da kadara.

Duk da haka akwai abin da doka ta ba talaka, ya kamata kowa ya sani. Bashi na gaskiya ba laifi ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare mata ko ɗa don a matsa wa maigida. Zamba daban take: wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, wannan mai laifi ne. Masu ba da rance ta wayar hannu, waɗanda sukan aika wa dangi da abokan mutum saƙon tozarci, hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sa musu ƙa'idoji tun 2022, ana kuma iya kai mata ƙorafi. A ɗaya gefen, wanda ya ci bashin banki ya sani tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga asusun mutum da ke wani banki ta hanyar lambar BVN. Sauya banki ba mafita ba ce.

Tun da ƙofar kotu ta yi wa yawancinmu nisa, nauyin ya dawo kan jama'a, kuma muna da kayan aikin a hannu. A misalin bawan nan mara tausayi na Matiyu sura 18, abin da bayin biyu suka roƙa iri ɗaya ne, wato a ba su lokaci. An ba na farko fiye da abin da ya roƙa, shi kuwa ya hana ɗan'uwansa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan koyarwa a Suratul Baƙara, ta a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, da ta rubuta bashi a gaban shaidu. Ƙasarmu kanta ta ci wannan alheri: a 2005 ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe wa Nijeriya dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30, bayan kiraye-kirayen da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu da wasu suka yi gabanin Jubili ta 2000. Lura kuwa, ba duka aka yafe ba. An zauna, an yi lissafi, an biya wani kashi, an yafe wani.

Haka za a yi a zauren mai unguwa ko a gaban dattawan ikklisiya. Wanda ake bi ya kawo sunayen dukan masu bin sa, kada ya ɓoye ko ɗaya, ya bayyana abin da ke rumbu da abin da ke turke. A fara ware abincin gida zuwa kaka mai zuwa, da iri, da kayan sana'a. Abin da ya rage a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa yake bi, domin ba adalci ba ne mai babbar murya ya kwashe duka, gwauruwa ta tashi hannu wofi. A tsayar da kuɗin ruwa daga ranar zaman, a raba sauran bashin kaka biyu ko uku. Idan akwai gonar jingina, a ƙiyasta amfanin kowace shekara a cire shi daga bashin. Sa'an nan a rubuta komai a takarda, da kwanan wata, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu ko su dangwala yatsa, kowa ya tafi gida da tasa takardar.