Fuskokin da Ke Bin Mu Bashi

Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ta Potiskum a 'yan shekarun nan ya san waya ta shiga cinikin dabba. Dillali zai ja da baya, ya ɗauki hoton bijimi ta gefe, ya sake ɗauka ta gaba don ƙaho da tozo su fito sosai, ya tura wa mai saye a Legas ko Fatakwal ta WhatsApp. Can a duba a taya, nan a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Kafin magariba an loda bijimin a tirela. Washegari hoton ya gama aikinsa, sai a goge shi don waya ta sami wuri.

Amma a ƙarƙashin tarin hotunan bunaji da rahaji da bokoloji, yawancinmu muna da hoto guda da yatsa ba ya kusantar gogewa. Sau da yawa ma hoton hoto ne: tsohon kati da aka wanke tun Potiskum tana cikin tsohuwar Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Yobe a 1991, wani ƙane ya zaro shi daga akwatin tsohuwa ya ɗauka da waya ya rarraba wa dangi. Ranar Sallah ce. Baba na zaune a tsakiya da babbar riga, yara sun jeru da sababbin ɗinki, ɗaya ya runtse ido saboda rana, an riƙe wa autan hannu don kada ya gudu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto da rataye shi a ɗaki, shi ya sa a gidaje da dama cikin akwati yake kwana, kuma kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Bimbininmu na safiyar nan a kan mutanen da ke cikinsa ne.

Ɗan'uwa, yanzu da aka sallame asuba, kafin hayaniyar kara ta ɗauke maka hankali, buɗe shi ka duba. Na san abin da muka saba yi. Mu ce Allah sarki, mu ce Allah ya jiƙan maza, zuciya ta yi laushi na ɗan lokaci, mu mayar da waya aljihu. Wannan laushin ni'ima ne, ban raina shi ba. Sai dai ina ganin ya yi kaɗan. Mutumin kasuwa ya san littafin bashi: kowane suna da ke ciki akwai abin da ke gabansa, kuma ba a buɗe shi don a sha'awar rubutu. Haka nake kallon hoton gida. Kowace fuska a ciki tana da haƙƙi a kanka, wani an biya, wani yana nan.

Fara da na tsakiya, in ya riga mu gidan gaskiya. Hoton bai ƙara masa komai a kabarinsa ba, ko sau dubu ka kalle shi. Abin da ke isa gare shi sananne ne, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa addu'ar ɗa na gari a ciki. To yaushe rabon da ka ambaci sunansa a sujada, ba a gaban mutane wurin sadakar uku ko ta bakwai ba? Sannan akwai maganar da ba mu son tonowa. Cinikin shanu a kan amana yake tafiya. Dabba takan tafi kudu kuɗinta bai dawo ba sai bayan makonni, ana karɓa da baki, ana bayarwa da baki. Dattijon da ya yi rayuwarsa a kara zai iya barin duniya da kuɗin wani a wuyansa ba da mugun nufi ba. Shari'a ta sa biyan bashi gaba da rabon gado. In an raba gida da garke ba a yi cigiyar masu bin sa ba, har yau ƙofa a buɗe take.

Sai ka nemi wadda ba ta fito ba. A tsofaffin hotuna da yawa uwa ba ta ciki. Tana can ciki wurin murhu, ita ta wanke yaran nan, ita ta shafa musu mai, ita ta tashi tun duhu don tuwon Sallah. Duk tsabtar da kake gani a katin aikin hannunta ne. In tana raye, kada rana ta take ba ka durƙusa ka ce, "Inna, ina kwana, me kike buƙata yau?" ba. Tura kuɗi ta waya yana da kyau, amma bai gaishe ta ba.

Ga kuma wanda kuka tsaya kafaɗa da kafaɗa, rigarku yadi ɗaya, tela ɗaya. Yau kuna haɗuwa a bakin kara kowa ya kau da kai saboda saniya biyu na gado, ko wata magana da matanku suka yi. Ga yayar da aka kai aure Gashuwa ko Azare, sai rasuwa ke haɗa ku. Ba zan ce kai ne da laifi ba. Mai yiwuwa kai aka zalunta. Amma zumuncin da ake samun lada a kansa har da wanda kai ka fara miƙa hannu alhali gaskiya na wajenka.

Wanda na fi so mu daɗe a kansa shi ne mutumin can na gefe, wanda rabin kafaɗarsa ta fita daga hoton. Yara na yanzu kan tambaya, wane ne wannan? Aminin Baba ne. Wataƙila Bafulatanin da ke riƙe masa shanu a daji, wanda in ya shigo gari a zaurenku yake sauka. Wataƙila Babarbare ne ko Bangizime ko Bakarkare da suka yi shekaru suna raba la'ada ba a taɓa jin kansu ba. Muslim ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, a hanyar Makka. Ya gamu da wani Balaraben ƙauye, sai ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawanin kansa ya ba shi. Abokan tafiya suka ga kyautar ta yi yawa ga mutumin da kaɗan ke isarsa. Dalilin da ya ba su shi ne mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne. Duba fa, ba ma shi aminin ba ne, ɗansa ne. Mu kuwa 'ya'yan aminan iyayenmu suna nan cikin kasuwar nan, wani na jan igiya, wani na lodi, wani na tallar ruwa, muna wuce su kamar ba mu taɓa cin tuwo a kwano ɗaya da iyayensu ba.

Kuma Potiskum ba garin da za a koya wa cewa lokaci ba ya jira ba ne. A daren Laraba, 2 ga Mayu 2012, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar nan da harbi da abubuwan fashewa, suka kashe sama da mutum 30, dabbobi masu yawa suka ƙone. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati ana tsaka da taron safe, ɗalibai sama da 40 suka rasu. Duk waɗannan sun wayi gari lafiya kamar yadda ka wayi gari yanzu. Marayun 2012 sun zama samari da 'yan mata. Wasunsu ba su san fuskar uba ba sai a ɗan hoton fasfo. In ka san mahaifin ɗayansu, kana riƙe da abin da hoton ba zai iya ba shi ba: yadda yake dariya, yadda yake ciniki, ranar da ya mayar da kuɗin da aka yi kuskuren ƙara masa. Nemi yaron ka faɗa masa.

Ya Allah, ka gafarta wa iyayenmu da aminansu, ka sauke musu nauyin da suka tafi da shi, ka ba mu ikon biyan wanda muka gano. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a kara da waɗanda suka rasu a filin makaranta, ka tsaya wa marayunsu da iyayensu. Ka sassauta zuciyar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa. Masu kiwo da ke daji, da direbobi da yaran mota da za su kwana a hanyar kudu yau, ka mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.