Bibiya da tsangwama: tun yaushe hukuma ke da ikon sa hannu?

Tambayar da bibiya ke jefa wa masana shari'a ita ce ko ya halatta a hukunta mutum a kan ayyukan da, in an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zama laifi. Tsayuwa a bakin hanyar rijiya halal ce, haka kiran waya, amma idan namiji ya mayar da su al'ada a kan matar da ta ce masa ba ta so, har ta daina zuwa kasuwar Madawa ita kaɗai, ta riƙa kashe wayarta da zarar an yi sallar isha'i, to ya ƙwace mata aminci ko da bai taɓa jikinta ba. Abin ya fi tsanani a garuruwa irin su Azarori da ƙauyukan Buza da Keita, inda magidanta da yawa kan tafi cin rani Najeriya ko Libiya, su bar matansu watanni, kuma kunya kan hana mace kai ƙara don gudun a ce ita ta ba da fuska.

Mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin ke bi, ta amsa da ƙa'idar sadduz zara'i, wato toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna tun kafin ta auku, ga kuma ta'aziri, horon da alƙali ke yankewa bisa nazarinsa inda nassi bai ƙayyade haddi ba. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gida ba izini, saboda haka mai cewa a jira sai an ga rauni ba shi da madogara a fiƙihu.

Dokar Nijar ba ta kai nan ba. Gyaran kundin hukunta laifuka na 2003 ya sa tsangwamar neman lalata cikin laifuka, da ɗaurin wata 3 zuwa 6, amma ya rataya laifin ga umarni ko barazana ko tilastawa, alhali mai bibiya sau da yawa shiru yake yi, ya tsaya kawai inda za a gan shi. Najeriya ta ambaci bibiya da sunanta a dokar hana cin zarafi ta 2015, ta kuma bai wa kotu ikon haramta wa mutum kusantar wadda yake damu. Irin wannan umarni ne mai gari ba ya iya bayarwa, domin ikonsa na sulhu ne, kuma sulhu kan zaunar da mace gaban mutumin da take gudu, a ce mata ta yi haƙuri.